Tambaya da Amsa: Ni da Python nake aiki, me ya haɗa ni da ramukan C?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina kula da wata 'yar sabar Linux mai ɗauke da shafin ƙungiyarmu, kuma duk abin da ke kanta da Python na rubuta shi. An koya mana cewa matsalar nan da ake kira buffer overflow ta masu rubuta manhaja da harshen C ce, babu ruwan Python da ita. Amma kullum sai sabar ta ce in sabunta Python da wani abu wai shi glibc, ni kuwa tsoro nake in taɓa abin da ke aiki ya lalace. In ƙyale su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ƙyale su. Abin da aka koya maka gaskiya ne, sai dai rabin zancen aka ba ka.

Ka san takardar ajiya ta banki. Akwai gidaje goma na lambar asusu, kusa da su kuma ga gurbin adadin kuɗi. A ce wani ya zo da lamba mai harufa ashirin, ma'aikacin kuma irin wanda ba ya ɗaga kai ne, abin da aka karanto masa shi yake rubutawa. Gidaje goma sun cika, bai tsaya ba, ragowar goman suka hau kan gurbin kuɗi. Yanzu takardar tana faɗin adadin da mai kawo lambar ya zaɓa. Haka abin yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Manhaja takan ware mazubi, misali na bait 512, wato gurbin harufa 512, don saƙon da take jira. Idan saƙon ya fi haka kuma ba a auna ba, sai ya tumbatsa ya malale kan maƙwabcinsa, wannan shi ne buffer overflow. Wani lokaci maƙwabcin nan shi ne adireshin da manhajar za ta koma idan ta gama aikin da take kai. Wanda ya iya rubuta wannan adireshi ya kama linzamin na'urarka.

Abin ba sabo ba ne. Ranar 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell a Amurka, Robert Morris, ya saki tsutsa, wato manhaja mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ta shiga kwamfutoci da aka ƙiyasta sun kai 6,000. Ɗaya daga cikin ƙofofinta ita ce wata ƙaramar manhaja mai suna fingerd, wadda ke karɓar saƙo a mazubin bait 512 ta hanyar gets, aikin C da bai san tsayawa ba. Tsutsar ta aika mata bait 536. Sai a ƙa'idar C ta 2011 aka cire gets ɗin nan gaba ɗaya, bayan shekara ashirin da uku.

To ina Python ya shigo? Idan ka ware jeri mai gida goma a Python ka nemi rubutu a na goma sha ɗaya, zai tsaya ya yi maka ƙorafi. Nan malaminka ya yi daidai. Amma Python ɗin da ke kan sabarka, wanda ake kira CPython, shi kansa da C aka rubuta shi. Duk lokacin da ka buɗe hanyar sadarwa ko ka nemi wani shafi, rubutunka na miƙa aikin ne ga C da ke ƙasa, shi kuma ya miƙa wa glibc, wato tarin kayan aikin C da yawancin manhajojin Linux ke jingina da shi. Kai kana bene, ginshiƙin kuwa na wasu ne. Sashen sadarwa kuma ya fi kowane haɗari, domin shi ne ƙofar da baƙon da ba ka sani ba ke turo maka abin da ya ga dama, tsawon da ya ga dama.

A 2014 an bayyana wani rami a cikin Python kansa, mai lamba CVE-2014-1912. Akwai aiki mai suna recvfrom_into: kana ba shi mazubi, kana faɗa masa bait nawa zai ɗebo daga hanyar sadarwa. An manta a sa shi ya duba ko adadin da aka ce ya ɗebo ya fi girman mazubin. Ɗan uwansa recv_into yana da wannan dubawar, shi ne ba shi da ita. Saboda haka in mai rubutu ya ba shi ƙaramin mazubi da babban adadi, wanda ke ɗaya ɓangaren waya sai ya cika ragowar da abin da yake so. Gyaran 'yan layuka ne kawai, ya shiga Python 2.7.7 da 3.3.4. Ba kowace manhaja ramin ya shafa ba, sai wadda ta yi kiran a haka, amma ka lura cewa mai rubutun bai rubuta ko harafi ɗaya na C ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne GHOST, wanda kamfanin Qualys ya bayyana a Janairun 2015. Yana cikin gethostbyname na glibc, aikin da ke mayar da sunan sabar zuwa lambar adireshinta. Wajen lissafin girman mazubi aka manta da abu ɗaya, sai mazubin ya gaza da bait huɗu kacal, ko takwas a na'ura mai bit 64. Kuma abin da mai kutse zai iya zubawa a wurin lambobi ne da ɗigo kawai, babu harafi. Kai ka ce me za a yi da bait huɗu? Da su masu binciken suka nuna yadda za a karɓe sabar wasiƙu ta Exim daga nesa, in an saita ta ta wata hanya. Ramin yana nan tun glibc 2.2 na shekarar 2000. Abin takaicin, an gyara shi tun Mayun 2013, amma ba a ɗauke shi matsalar tsaro ba, don haka gyaran bai isa nau'ukan Linux irin su Debian 7 da Ubuntu 12.04 da Red Hat 6 da 7 ba sai da aka yi shela. Duk manhajar da aka rubuta da harshen PHP ko Python da ta kira wannan aiki, ta wannan lungun take bi.

Bayan shekara guda, Fabrairun 2016, injiniyoyin Google da Red Hat suka fito da wani a getaddrinfo, wanda shi ne aka ce kowa ya koma masa a bar tsohon. An ware bait 2,048 don amsar da za ta zo daga sabar sunaye, wato wadda ake tambaya adireshin shafi, alhali amsar na iya kaiwa 65,535. Wannan yana kwance tun 2008. A nan ba ma sai wani ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Kai ne za ka fita tambayar adireshin wani shafi, amsar ta dawo da guba.

Tsarin zamani na da kariya, ban musa ba. Ana barbaza wuraren ajiya yadda mai kutse ba zai san inda abu yake ba, ana dasa lambar sirri a bakin mazubi don a gane in an taka ta. Waɗannan sun sa aikin ya yi wuya, sau da yawa manhajar faɗuwa kawai take yi maimakon a karɓe ta. Amma shafin da ke faɗuwa duk lokacin da wani ya ga dama ai ba lafiyayye ba ne.

Yanzu ga inda ni na sha kunya. Daren da labarin GHOST ya fito, na zauna bayan isha'i na sabunta glibc a sabobin wurin da nake aiki lokacin, na tafi gida ina jin na yi abin kai. Bayan kusan mako uku ina neman wani abu daban, sai na ga sabar wasiƙunmu tana riƙe da tsohon glibc ɗin, an rubuta a gefensa cewa an goge shi. An goge shi daga faifai, amma manhajar da ke gudana tun kafin gyaran tana nan da tsohon a ƙwaƙwalwa, kuma haka za ta zauna har sai an kashe ta an kunna. Mako uku ƙofa a buɗe, ni ina barci da makulli a aljihu. Saboda haka in ka sabunta glibc ko Python, ka sake tayar da manhajojin, ko ka sake kunna sabar gaba ɗaya. A Debian da Ubuntu akwai needrestart, zai lissafo maka waɗanda ke riƙe da tsohon kaya.

Batun tsoron lalacewa kuma, gyaran tsaro da ke zuwa daga ma'ajiyar Linux ɗinka ba kasafai yake canza yadda abu ke aiki ba, toshe ramin kawai ake yi a bar sauran. Ka kwafi bayananka ka ajiye, ka zaɓi lokacin da babu mutane a shafin, ka yi. In kuwa Python 2 ne a kan sabar, wannan wata magana ce: masu shi sun daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020, ka fara shirin ƙaura.

Tambaya: Malam, wayata Android ce, kuma na ji an ce Android ma Linux ne. Waɗannan ramukan na glibc sun shafe ni? Daga wata 'yar uwa a Maraɗi.

Amsa: Waɗannan biyun ba su shafe ki ba, Malama. Android ba ya amfani da glibc, yana da nasa mai suna Bionic. Amma yana da nasa ciwon. A 2015 aka gano Stagefright, rami a sashen da ke buɗe bidiyo, wanda saƙon MMS kaɗai ya isa ya taɓa shi a wasu wayoyin. Ki shiga saitin wayar, wajen bayanin waya, ki duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In ya haura shekara biyu kuma babu sabo, kamfanin ya saki wayar, ni dai ba zan bar manhajar banki a kanta ba.