Gansakuka daban, kainuwa daban

Wani ɗalibi daga Unguwar Rogo: Malam, koren abin nan da ke rufe kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukur, kusa da Jos, kainuwa ce ko gansakuka?

Ɗana, sa hannu ka ɗebo. In ka ɗago ganye mai kauri da saiwa tana reto a ƙarƙashi, kainuwa ce, wadda aka ce dashen Allah don ba mai shuka ta. In kuwa yauƙi ya cika maka tafi, zare-zare masu santsi, ba saiwa ba ganye ba fure, to gansakuka ka kamo. Ita ce ke kayar da masu ɗiban ruwa a bakin rafi, ita ce ke yin kore cikin tankin da rana ke ratsawa. Bahaushe ya haɗa ta suna da wadda ke fitowa jikin katanga da damina, amma masana sun raba su: ta katanga sau da yawa tsiro ce ta gaske, ta ruwa kuwa kama kawai ta yi da tsiro.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu fassara a rediyo da ke cewa "ciyawar ruwa". Wace ciyawa? Kalma na nan tun kaka da kakanni, lalaci ya hana a neme ta. A dangin gansakuka fa akwai yugilina, mai ƙwayar halitta ɗaya, tana haɗa abincinta da hasken rana, kuma tana iyo da 'yar bulala. Ciyawa na iyo? Akwai dayatom, masu ɓawo na sinadarin da ake yin gilashi da shi. Da tsohon Tafkin Chadi ya janye, ɓawonsu ya zama farar ƙasa jibge a kwarin Bodele na arewacin Chadi, iskar hunturu na kwasowa, har ya shiga hazon da ke lulluɓe Jos a watan Janairu. Irin wannan farar ƙasa akwai ta a Bularafa ta jihar Yobe. Kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga ƙananan halittun nan na teku take fitowa. Wannan ne za a kira ciyawa?

Wata baiwar Allah daga Gangare: Gansakuka ne daidai ko gamsakuka?

Duka ana faɗa, 'yata. Ni da "n" nake rubutawa. Mace ce kuma: ta fito, ba ya fito ba.

Wani manomin rani daga Lamingo: Me ake nufi da "ruwa ba ya tsami banza"?

Malam, ai kai ya kamata ka koya mini. Ana nufin komai ka ga ya canza, da dalili. Takin zamanin da ya zurare daga lambun kabeji zuwa kududdufi abinci ne ga gansakuka. Ta yi yawa, ta mutu, ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar ruwan, kifi ya taso ciki sama. Masu karin maganar dai gaba tsakanin mutane suke nufi, ba kududdufi ba.

Wani daga Farin Gada: Da gaske ana cin ta?

Ana cin wata. Matan Kanembu a Chadi suna tace wata gansakuka da ake kira sifirulina, su shanya ta a yashi, su yi miya da ita. Dihe suke ce mata, kodayake masana a cikin bakteriya suka lissafa ta. Amma kada ka ce Malam ya ce, ka je ka kwaso ta kududdufin kuza: wasu irinta dafi gare su, har dabbobi suke kashewa.