Na sayi sikelin abinci, amma ƙibar tana nan daram

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Shekaruna 38, 'ya'yana uku. Likita ya ce in rage kamar kilo goma saboda ciwon gwiwa da hawan jini. Wata biyu ke nan da na sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir, ina auna shinkafa da taliya duk lokacin da zan ci, amma kilo ɗaya kacal na sauke. Maigida har ya fara tsokanata, wai na mayar da kicin ɗakin gwaje-gwaje. Shin sikelin ne ba shi da amfani, ko ni ce ban iya ba?

AMSA: Ƙanwata, sikelin bai yi laifi ba. Ina karanta wasiƙarki na ga inda gizo ke saƙar: kin ambaci shinkafa, kin ambaci taliya, ba ki ambaci mai ba.

Ni ma haka na fara. Wata safiya zan soya ƙwai biyu, sai na ɗora kwalbar mai a kan sikeli, na mayar da lambar sifili, na zuba a kasko yadda hannuna ya saba, sannan na mayar da kwalbar. Giram 25 ya fita. Kowane giram na mai kalori 9 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, rararsa kuma ke zama kitse), ke nan na zuba kalori 225 a kan ƙwan da su biyun ba su wuce 150 ba. Na daɗe a tsaye ina kallon kaskon. Da an tambaye ni kafin nan, da na rantse "ɗan kaɗan" na zuba.

Sitaci da furotin kalori 4 ne a giram ɗaya, mai kuwa ya ninka su har da ɗoriya. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, kuma ba ya cika ciki, ba ya ɗaukar wuri a faranti. Haka bota, mayonis, gyaɗa da sukarin shayi. Waɗannan su ne abokan aikin sikeli. Kabeji, latas, kokwamba da tumatir kuwa, kada ki wahalar da kanki, ki zuba son ranki.

Abu na biyu, ɗanye kike aunawa ko dafaffe? Nan mutane da yawa ke zamewa. Giram 100 na ɗanyar shinkafa kalori 360 ne ko kusa da haka, amma giram 100 na dafaffiya bai fi 130 ba, domin ta sha ruwa ta kusa ninka nauyinta sau uku. Idan kin auna ɗanya, sannan kika duba lissafin dafaffiya a manhajar waya, kin rubuta kashi ɗaya cikin uku na abin da kika ci. Nama kuma akasin haka yake, yana zubar da ruwa a wuta har ya rasa kusan rubu'in nauyinsa. Ki zaɓi hanya ɗaya ki tsaya a kanta. Ni na fi son auna ɗanye, saboda yawan ruwan girki yana canzawa daga rana zuwa rana.

Na san za ki ce ai tukunya ɗaya kike dafa wa gida duka. Ga yadda nake yi. A ce na dafa ɗanyar shinkafa giram 400 da mai giram 40. Shinkafar kalori 1,440, man 360, jimla 1,800. Da ta nuna sai in juye ta a babban kwano da na riga na cire nauyinsa, in ga ta zama giram 1,200. Ke nan kowane giram kalori ɗaya da rabi ne, kuma giram 250 da na zuba wa kaina 375 ne. Sau ɗaya za ki yi wannan lissafin ga kowane girki da kika saba, ki rubuta a takarda ki manna a bangon kicin. Maɓallin da ke cire nauyin kwanon shi ne wanda aka rubuta TARE a kansa. Ba "tare" ɗinmu na Hausa ba ne, ko da yake 'yata ta dage cewa nufinsa a ci tare.

Akwai kuma abin da ba ya hawa sikeli ko kaɗan: ɗanɗanon da ake yi a bakin tukunya, ragowar farantin yara da ake jin ƙyashin zubarwa, lemon kwalba, biskit a mota. Ba ƙarya muke yi ba, mantuwa ce da kuskuren ido. A 1992 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wani ƙaramin bincike kan mutanen da suka ce suna cin kaɗan amma ƙibarsu ta ƙi raguwa. Da aka bi diddigi, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan rabi. Ki gwada kwana bakwai kina rubuta duk abin da ya shiga bakinki, ba tare da kin rage komai ba tukuna. Takardar da kanta za ta nuna miki inda za ki datse.

Kilo ɗayan nan ma kada ki raina shi. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kalori 7,700, shi ya sa tafiyar ke da nawa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci suka fi yarda da shi. Ki hau ma'aunin jiki sau ɗaya a mako, da safe kafin ki ci komai, domin gishiri da al'ada suna sa jiki riƙe ruwa, lambar ta yi ta hawa da sauka ba dalili.

Ban ce ki auna abinci har tsufa ba. Mako huɗu zuwa shida ya isa idonki ya gane yadda giram 200 ke zama a farantinki, ya gane ludayi nawa ne. Daga nan sikelin ya koma kabad, sai jefi-jefi in kin ga hannu ya fara nauyi. Idan kuwa kika ji kin fara tsoron cin abin da ba a auna ba, ko kina ƙin zuwa gidan mutane saboda haka, ki ajiye shi, ki gaya wa likitanki. Tunda kina da hawan jini, ki sanar da shi yadda nauyin ke sauka, don wani lokaci ana gyara yawan magani. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai shan maganin ciwon suga kada su rage abinci sai da shawarar likita.

Ki auna gishirin ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma har da wanda ke cikin burodi da sinadaran ɗanɗano. Shi kuma maigida, gobe ki miƙa masa kwalbar man ya zuba da hannunsa, sannan ki nuna masa lambar.