Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki ta taɓa ni, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar. Kin ce shekarunki 26, 'ya'yanki biyu, tun kina sakandare kike son aikin jinya. Kin ji masu bidiyo na cewa mutum ya rufe ido kullum ya riƙa ganin kansa ya riga ya zama abin da yake so, ya manna hotuna a bango, abin zai zo ya same shi. Wata takwas kina yi ba abin da ya motsa, har zuciyarki ta fara raya miki ko abin ya saɓa wa addini.

Ni ungozoma ce, bana shekarata 11 a ɗakin haihuwa. An yi mini aure ina da shekara 17, ban koma karatu ba sai da na kai 28, ina da yara uku. Wannan abin da kike yi na yi shi kusan shekara uku. A lokacin ba mu san wani suna da ake ba shi ba, saƙar zuci ce kawai. Duk ranar da na je awon ciki sai in ƙura wa ma'aikatan ido, in na dawo gida in kwanta in sa kaina a cikin farin kayan nan. Ina ganin yadda zan shigo layinmu, mata suna cewa sannu da aiki Sista. Ina ganin ranar da zan kai wa Inna albashina na farko. Wallahi har hawaye nake yi don daɗi, in yi barci zuciyata wasai. Washegari kuwa littafin Kemistiri yana nan a ƙasan akwati inda na bar shi.

Da na zauna NECO ta 'yan waje, wadda ake yi ƙarshen shekara, na faɗi Kemistiri da Fiziks. Kin kuwa san makarantar jinya kiredit biyar take nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Na yi kukan da ban taɓa yi ba, don a raina na riga na gama zama Sista, sai ga takarda tana cewa ko ƙofa ban isa ba.

Kawuna ne ya farkar da ni, Allah Ya jiƙansa. Tsohon direban babbar mota ne, ya fi shekara 30 yana bin hanyar Kano zuwa Legas. Ya zo yi mini jaje, na ce masa Kawu ni fa kullum ina ganin kaina na zama, ban san me ya faru ba. Ya ce in kin rufe idon me kike gani? Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma daren da zai yi tafiya yakan rufe ido, amma bai taɓa ganin Legas ba. Abin da yake gani shi ne fitarsa daga Kaduna, inda hanya ta lalace wajen Tegina, inda zai tsaya Mokwa ya duba taya da birki, yadda zai rage giya kafin gadar Jebba, da wurin da barci ya saba kama shi bayan Ilori da abin da zai yi in ya zo. Ya ce, “Ke Dala kike hange, 'yata. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.”

Tun daga ranar ban daina rufe ido ba, abin da nake kallo ne na sauya. Bayan isha'i, in yara sun kwanta, sai in ɗauki kamar minti biyar in bi gobe daki-daki. Ga ni na farka ƙarfe huɗu, ana sanyin hunturu, bargo yana riƙe ni. Ba wuta, to ina fitila mai caji? Na tashi na duba, ashe ba caji, na kai maƙwabta masu janareta. Ga littafi a buɗe a babin da na tsana, ga tambayoyin shekarun baya guda biyar da zan yi kafin kiran assalatu. Ga auta ta farka tana kuka, zan goya ta in ci gaba a tsaye. Wannan kallon ba ya sa hawayen daɗi. Yakan ma sa gabana ya ɗan faɗi. Amma shi ne yake fitar da ni daga bargo.

Sai da na shiga makaranta na gano masana halayyar ɗan Adam sun gwada abin da Kawu ya sani a kan sitiyari. A 1999 wasu masu bincike biyu, Lien Pham da Shelley Taylor, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, sun raba ɗalibai 'yan kwanaki kafin jarrabawa. Wasu aka ce kullum su yi 'yan mintuna suna ganin kansu sun ci maki mai kyau suna murna. Wasu aka ce su riƙa ganin kansu suna karatun: a ina, yaushe, da yadda za su kawar da abin da ke ɗauke musu hankali. Masu kallon karatun sun fi daɗewa a kan littafi kuma sun fi cin maki. Masu kallon murnar ba su tsinana komai da kallon ba.

Wata farfesa 'yar Jamus, Gabriele Oettingen, da ke koyarwa a Jami'ar New York, ta fi shekara 20 a kan wannan batu. Tun 1991 ta ga cewa a cikin mata masu neman rage ƙiba, waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin sun riga sun rame su ne suka fi ƙarancin raguwa. Abin da ya fi kama ni, da yake awon jini aikina ne kullum, a 2011 ita da abokiyar aikinta sun auna hawan jinin mutane suna cikin irin wannan mafarkin ido biyu, suka ga lambar sama ta awon, mai nuna ƙarfin bugun jinin, tana sauka. Wato jiki yana saki, kamar na wanda ya isa masauki ya ajiye kaya. Ga amsar wata takwas ɗinki nan, ƙanwata. Ba ragwanci ba ne. Kullum da dare kina biyan zuciyarki ladan aikin da ba a yi ba, da safe kuwa ba ta ga dalilin tashi ba.

Farfesar ba ta ce a daina buri ba. Cewa ta yi ki kalli burin sosai har ki ji daɗinsa, nan take kuma ki juyo ki kalli abin da ke cikinki da zai tare ki, sannan ki ɗaura masa shiri. Shirin kuwa irin wanda mijinta Peter Gollwitzer ya yi suna a kansa ne: in kaza ya faru, zan yi kaza. Ki lura, abin da ke cikinki aka ce. Ni da farko duk laifin na ɗora wa rashin wuta da hidimar yara da dangin miji masu cewa uwar 'ya'ya uku me za ta yi da boko. Duk gaskiya ne, sun tare ni. Amma da na tsananta wa kaina tambaya sai na tarar babban shingena kunya ce. Akwai ɗan maƙwabtanmu da ke aji shida na sakandare, ya iya lissafin Kemistiri kamar ruwa, ni kuma ina jin nauyin yaron da na ga haihuwarsa ya zauna yana koya mini. Sai na shiga kallon wannan wurin a zuciyata: ga ni a tsakar gidansu, na gaida mamarsa, ga kalmomin da zan faɗa, ga zafin da fuskata za ta yi, ga ni ban juya ba. Kwana uku ina maimaitawa, rana ta huɗu na je. Wata biyar yana koya mini bayan la'asar, mamarsa na zaune tana tsintar shinkafa. A zama na biyu na samu duka biyun.

Har yau da wannan nake aiki. A makaranta an koya mana farfaɗo da jaririn da ya fito ba ya numfashi, muka yi ta gwadawa a kan 'yar tsana har hannu ya saba. Minti ɗaya gare ki. Ki goge shi da tawul ki tsane shi, ki murza bayansa, in bai yi kuka ba ki daidaita kansa, ki ɗora masa abin hura iska ya rufe hanci da baki, ki riƙa matsawa kamar sau 40 a minti kina kallon ƙirjinsa ko yana ɗagawa. Duk daren da nake da aiki, a cikin adaidaita nake bin matakan nan da ka, har da inda abubuwa ke lalacewa: ƙirji bai ɗaga ba me zan gyara, wuta ta ɗauke wa zai riƙe tocila, uwa ta fara zubar da jini a lokaci guda wa zan kira. Wata shida da fara aikina abin ya zo mini da ƙarfe uku na dare, ni da mai taimaka mini kaɗai. Zuciyata na dukan uku-uku, amma hannuna ya san hanya. Da yarinyar ta canyara kuka sai da na dafa gado. Masu wasanni ma haka suke yi. Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka, kocinsa ya saba masa da bin tseren a zuci har da abin da ka iya ɓaci, kuma a gasar Olamfik ta 2008 a Beijing ruwa ya cika masa tabarau a tseren mita 200, ya ƙarasa yana ƙirga bugun hannunsa, ya ci zinare. Sai dai shi a ruwa yake wuni, ni ma a kan 'yar tsana na fara. Zuciya tana maimaita abin da hannu ya taɓa yi ne.

Maganar addini kuma. Tsara gobe a zuci ba wani baƙon abu ba ne a wurinmu, mai shirin Hajji ma yakan bi ɗawafi da sa'ayi a ransa tun yana gida. Inda nake ja da baya shi ne inda masu bidiyon ke cewa tunaninki ne ke jawo abu, wai sararin samaniya na jin ki yana aiko miki. Mai bayarwa Allah ne. A Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, an hana mu cewa za mu yi abu gobe ba tare da in sha Allah ba, kuma a hadisin da Tirmizi ya ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Imam Gazali ya bambanta kyakkyawan fata da burin banza da misalin manomi: wanda ya nemi ƙasa mai kyau ya yi shuka ya yi ban ruwa ya cire ciyawa sannan ya jira falalar Allah, da wanda ya watsa iri a fako ya zauna jiran girbi.

Akwai kuma wani abu a maganar tasu da ke yi mini ciwo. In tunani ne ke jawo komai, to matar da ta rasa ɗanta ita ta jawo ke nan? Na taɓa yin duk matakan nan, ban tsallake ko ɗaya ba, na fi minti 20 ina hurawa, jaririn bai dawo ba. Uwarsa wata tara tana ganinsa a zuciyarta, ta ɗinka masa kaya, ta zaɓa masa suna. Ba wanda ya fi ta kyakkyawan zato a daren nan. Ba zan yarda a ce wa irin wannan baiwar Allah tunaninta ne bai yi ƙarfi ba. Ke ma kada ki yarda a faɗa miki haka a kan wata takwas ɗinki.

Abu ɗaya kuma da nake so ki duba da gaske: hoton da ke bangonki, naki ne? Farin kaya da kiran Sista kashi kaɗan ne na aikin. Sauran aikin dare ne, jini, amai, tsayuwar awa takwas, ranar salla kina asibiti yaranki na gida, wani lokacin ki sanar da miji abin da ba ya son ji. Ki sa waɗannan a cikin kallon. Muna da wata ƙawa da muka fara shiri tare, da ta raka yayarta jinya sati biyu sai ta gane ita abin da take nema shi ne kuɗin hannunta da mutunci a gidan miji, jinin ne ba ta iya gani. Ta koma ɗinki, yanzu tana da kekuna huɗu da yara masu koyo. Ni ban ɗauki wannan faɗuwa ba ko kaɗan. In kuwa kin kalli jinin da daren kika ji har yanzu zuciyarki na can, to ki riƙe hoton, kada ki cire shi. Ni ma ban taɓa jefar da nawa ba, kuma ranar da na kai wa Inna albashin ta zo, sai dai tana kwance ba lafiya, a gefen gadonta na ajiye mata.

Yau da dare, kafin ki rufe ido, ki ɗauko sakamakonki na sakandare ki duba darussa biyar ɗin nan, ki ga wanne ne babu. Makarantun jinya da yawa yanzu sun koma kwalejoji, ta JAMB ake shiga, don haka ki sa ita ma a lissafi. Sannan ki zauna da maigidan, kuma wannan zaman ma ki fara yin sa a zuciyarki: lokacin da ya fi sakin fuska, tambayar da zai yi a kan yara da girki da kuɗin makaranta, da amsar da kika tanada. Ki rubuto mini darasin da ya rage miki. In Kemistiri ne, tsofaffin takarduna na nan, zan nemi yadda za su iso gare ki. Allah Ya yi miki jagora, Ya raya miki yaran.