Janye jakada yana nufin an yanke hulɗa ke nan?

Malam, ka tambaya ko ƙasa ta kira jakadanta gida shi ke nan zumunci ya yanke. A'a, da sauran tafiya. Abin hawa-hawa ne, kuma rikicin Faransa da Italiya na 2019 ya isa misali.

A watan Janairu, mataimakin firaministan Italiya, Luigi Di Maio, ya zargi Faransa da talauta ƙasashen Afirka ta hanyar kuɗin sefa, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kashewa. Faransa ta kira jakadiyar Italiya a Paris ta nuna mata ɓacin ranta. Wannan jan kunne ne kawai. Da Di Maio ya tsallaka Faransa ya gana da masu zanga-zangar riguna ruwan ɗorawa, masu adawa da gwamnatin Faransa, sai tura ta kai bango. Ranar 7 ga Fabrairu, Faransa ta kira jakadanta Christian Masset gida domin tuntuɓa. Rabon da ta yi wa Italiya haka tun 1940, lokacin da Mussolini ke mulkin Italiya.

Amma ofishin jakadancin da ke fadar Farnese a Roma bai rufe ba ko na yini guda. Ma'aikata suna nan, muƙaddashi yana riƙe da aiki, kamar yadda yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta tanada. Ni a ganina yaji ne irin na amarya: an tafi gida, amma kaya suna ɗaki. Bayan kwana takwas Masset ya koma Roma.

Yanke hulɗa kuwa shi ne a rufe ofis, a sauke tuta, a damƙa wa wata ƙasa ta uku kula da muradunka.