Amsa ga mai son fara renon yara a gida

'Yar'uwa, kin ce yara biyar za ki riƙa kula da su a gidanki, kina tambaya ko sai kin sayi kayan wasa na kanti. Wallahi kar ki ɓata kuɗinki. Ni tabarma na fara da ita, da gwangwanayen madara, da tsofaffin ludaya, da baho ɗaya na yashi. Ki zuba ido ki ga yadda ɗan shekara uku zai yi ta ɗurawa yana juyewa, yana cewa wannan ya cika, wancan saura kaɗan. Lissafi ke nan yake koya, bai ma sani ba. Manyan kuma ki ba su yumɓu ko karan dawa su ƙera mota, bayan azahar ki yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Iyaye za su matsa miki wai yaushe za a fara rubutu. Ki lallaɓa su, ɗan shekara biyu hannunsa bai isa riƙe fensir ya rubuta haruffa ba.

Amma marfin kwalba, gyaɗa da batir ƙanana, ki kawar da su daga gaban 'yan ƙasa da shekara uku, komai baki suke kaiwa. Randa da bokitin ruwa kuma kullum a rufe.