Shin da gaske Sinanci ba shi da nahawu?

Tambaya: Malam, ina zuwa saro kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin, har na fara koyon Sinanci. Wani abokina ya ce harshen ba shi da nahawu, jera kalmomi kawai ake yi. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, amma na gane inda abokin naka ya samo zancen. Duk wanda ya yi karatun Larabci, da an ce nahawu hankalinsa kan tafi ga i'irabi da sarfu, wato sauyawar surar kalma. Wannan kam babu shi a Sinanci. Aikatau ba ya motsi: "chi", wato ci, haka yake ko jiya ko gobe, ko mutum ɗaya ko goma. Sunaye ma ba a raba su namiji da mace.

Sai dai aikin da sauyawar kalma ke yi a Larabci, jerin kalmomi da wasu 'yan ƙananan kalmomi ne ke yin sa a Sinanci, kuma dokarsu ba ta wasa. Lokaci kafin aikatau yake zuwa: "wo mingtian qu", gobe zan tafi. Ka mayar da "mingtian", wato gobe, ƙarshe, jimla ta lalace. "Wo chi le" na ci; "wo chi guo" na taɓa ci. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tunda a na ci, ina ci, zan ci, mu ma "ci" ɗin bai sauya ba. Korewa kuma iri biyu ce: "wo bu chi" ba na ci, "wo mei chi" ban ci ba, kuma da zarar "mei" ta shigo wannan jimlar, "le" ta fita.

Inda za ka fi shan wuya a kasuwa shi ne ƙidaya. Dole a saka kalmar awo tsakanin lamba da abin da ake ƙirgawa, kamar yadda muke cewa turmi uku na atamfa, sai dai su kusan kowane abu da tasa: "ben" ga littafi, "tiao" ga dogon abu irin su wando da kifi, "zhang" ga shimfiɗaɗɗen abu irin su takarda da tebur. Sabbin koyo kan fake da "ge" a komai. Mai shago zai fahimce ka, amma zai san ba ka daɗe da farawa ba.

A rubuce ma an daɗe da tsara nahawun Sinanci. Malaman da sun raba kalmomi gida biyu, cikakku masu ma'ana da "fanko" masu haɗa zance. A 1898 Ma Jianzhong, wanda ya yi karatu a Faransa, ya fitar da littafin nahawu mai suna Mashi Wentong, yana auna tsohon Sinanci da ma'aunin nahawun Turai. Li Jinxi ya yi wa Sinancin zamani nasa a 1924. A 1956 gwamnatin Sin ta ayyana daidaitaccen harshe, Putonghua, da lafazin Beijing da nahawun fitattun rubuce-rubucen zamani.

Abin da masana ke jayayya a kai har yau shi ne rabon azuzuwan kalmomi, domin kalma ɗaya kan zama suna a nan, aikatau a can, ba tare da wata alama ba. A ganina ma'aunin Turai da aka aro ne ya gaza a nan, ba harshen ba.