Me ya sa ɗ da ɓ suke fitowa daban a shafin makarantarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mun biya an haɗa wa Islamiyyarmu shafin intanet. Komai ya yi kyau, sai dai duk inda ɗ ko ɓ ta zo sai ta fito siririya kamar bare a cikin kalma, a wasu wayoyin ma akwati ake gani. Ƙ kuwa lafiya lau. Yaron da ya yi aikin ya ce intanet ba ta san haruffanmu ba, ko dai mu cire ƙugiya ko mu riƙa sa sanarwa a hoto. Mako mai zuwa za mu fitar da sanarwar ɗaukar ɗalibai, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, Malama, gyaran ba zai ci yini ba. Salon rubutun (font, wato fayil ɗin da ke ɗauke da zanen haruffa) da aka ɗora muku ne ba shi da waɗannan haruffa biyu, shi ya sa burauza take aro su daga wani salo, idan ba ta samu ba ta ajiye akwati. Dalilin da ƙ ta tsira kuwa, a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, lambarta U+0199 ce, tana rukunin Latin Extended-B, alhali ɓ (U+0253) da ɗ (U+0257) suna can rukunin IPA Extensions. Masu rage nauyin fayil ɗin salon rubutu sukan datse wancan rukuni ba su san sun tafi da Hausa ba.

Amma zancen "intanet ba ta san haruffanmu ba" shi ne ke ɓata mini rai, don kusan kullum sai na ji shi. Haruffan nan suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, watakila kafin a haifi yaron naku. Kasala ce aka yi mata rawani. Mutum ya ɗauko salo don ya burge shi da Turanci, bai gwada shi da kalmar Hausa ko ɗaya ba, da aiki ya kwaɓe sai ya ɗora wa harshe laifi. Ki cire ƙugiya? Na taɓa ganin katin walima an rubuta "muna maraba da manyan baki". Haka "faɗa" take komawa "fada", "ƙafa" ta koma "kafa". Babba ya gane da ma'anar jimla, to yaron da kuke koya wa karatu fa? Kuma a shafin makaranta!

Shawarar hoto ta fi muni. Rubutun da ke cikin hoto yana cin data, yana dushewa idan aka ƙara girmansa, ba a kwafe shi cikin sauƙi a tura, manhajar da ke karanta wa makafi shafi ba ta ganin sa. Akwai kuma masu yawo da tsofaffin fayilolin salon rubutu a filashi, suna cewa "sa wannan a kwamfutarki". Irin waɗannan sun ɗora zanen ƙ ne a gurbin wani harafi daban. A kwamfutarki ya fito daidai, a wayar iyayen yara ya zama shirme. Kar ki karɓa ko kyauta ne.

Ki ce wa yaron ya sauya salon rubutun zuwa Noto Sans na Google, ko Andika ko Charis na SIL, wata ƙungiya mai aiki kan harsuna. Duka kyauta ne, kuma Andika don masu koyon karatu aka zana shi. Ya tabbatar shafin yana kan UTF-8 (tsarin adana haruffan Unicode), fayil ɗin salon WOFF2 ne (nau'i mara nauyi na intanet), kuma kar ya datse komai daga U+0180 zuwa U+02AF. Kauri biyu sun isa, na jiki da na kanu.

Kafin ki cika masa kuɗinsa, ki sa ya rubuta Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ a kanu da cikin rubutu, mai kauri da mai jirge. Ƴ ɗin saboda masu karatu daga Nijar ne, su da ita suke rubuta abin da muke rubutawa 'y. Sannan ki ari tsohuwar waya ƙarama ta wani daga cikin malamanku ki buɗe shafin da idonki, ba a laftof ɗinsa ba.